Ciyawa a Kan Katanga

Tsibiri, 12 ga Maris

Zuwa ga 'yata Raonaid,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagun nan da ke ta sanar da ni za a yi ruwa, sai ka ce a tsibirin nan akwai ranar da ba a yi. Seonag maƙwabciyarmu tana gaishe ki. Ta ce in tambaye ki ko har yanzu mijin bai samu ba, na ce ta tambaye ki da bakinta.

Na gode da ɗawainiyar da kika yi da Babanki Tormod lokacin da yake kwance a wurinku. Ni da mahaifiyarki kakanni kawai muka haɗa, amma abin da kika yi ko 'yar cikina iyakarta ke nan. Ya iso gida lafiya. Ɗinkin ƙirjin ya kame, likitan da ke zagayo mu ya duba ya ce zuciyar tana aiki daidai, ya kamata ya tashi ya riƙa takawa.

To a nan gizo ke saƙar. Bai tashi ba. Yana kwance ya juya wa ɗaki baya, kunu cokali biyu sai ya ture kwanon. Na ce masa lokacin fito da irin dankali ya yi, ya ce bana kada in wahalar da kaina da kunyoyi da yawa, baki ɗaya ba ya cin abin kirki. Baki ɗaya, Raonaid. Shekaranjiya ya sa na sauko masa da madubin hangen nesansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kallon tsuntsaye da shi, ya goge shi tsaf, ya ce in ajiye miki. Mutumin da ko ƙurar madubin nan ba ya yarda in share.

Kullum ina kawo masa labarin waje ko zai motsa. Na ce masa dinyoyin da suka yi hunturu a fadamar arewa sun fara taruwa suna hayaniyar tafiya. Na ce tsuntsayen nan masu jan baki sun cika gaɓa da tsegumi, furen rawaya ya ɓullo a gindin rafi, tunkiyar Seonag ta haifi tagwaye. Ya gama saurare ya ce, "Ɗan magini fa?" Clacharan yake nufi, ɗan tsuntsun nan mai farin ƙugu. Na ce bai iso ba tukuna. Ya ce, "To, sai ya zo mu ji." Ya koma ya fuskanci bango.

Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Innarki,
Marsaili

Alhamis. A tsaye nake ƙara wannan da fensir, jirgin ruwan da zai tafi da wasiƙar ya busa ƙaho. Na sauke labulayen gidan duka. Na karɓo shebur da baro wurin Seonag, gobe zan fara yanko ciyawa a gefen maƙabarta, ta can ta fi kauri. Kada ki tayar da hankalinki, abin da ya kamata a yi nake yi. Sauran bayani sai jirgi na gaba.

*

Glasgow, 19 ga Maris

Inna Marsaili,

Ina gaishe ki. Lafiyata lau, in za a kira wannan lafiya.

Na karanta abin da kika ƙara da fensir har takardar ta fara yagewa a ninki. Na buga waya gidan wayar tsibiri, aka ce iska ta tsinke layin, ba a san ranar gyara ba. Na roƙi hutu na hau jirgin ƙasa har bakin teku, na tarar an ɗaure jirgin ruwa, igiyar ruwa tana tsallake katangar tasha. Na zauna a masauki ina kallon teku har hutun ya ƙare, na dawo. Na bar wannan aikin na koma wancan, yau na zuba wa wata tsohuwa shayi a kofin da ta ajiye haƙoranta.

Inna, na san mutanenmu. Ba ku kiran abu da sunansa. Lokacin da mahaifiyata ta rasu ina makarantar kwana, layi ɗaya kika rubuto mini: mun sauke labule, ki taho. A tsibirin nan ba a sauke labule da rana sai an yi rashi, kuma ban san abin da ake yi da ciyawar maƙabarta ba in ba rufe sabon kabari ba. Amma da haka ne, me zai sa ke ce da shebur? Ina mazan? Wannan tambayar kaɗai nake riƙe da ita.

Ni ce na tsaya a gaban Baba na ce masa ya warke, ya koma gida. In wani abu ya faru ki faɗa mini da baƙi da wasali, kada ki lulluɓe. Na riga na sayi baƙar hula da baƙar kwat, suna rataye a bayan ƙofa, na kasa kallonsu.

'Yarki,
Raonaid

*

Tsibiri, 28 ga Maris

'Yata Raonaid,

Kafin gaisuwa: yana raye. Yanzu haka ina jin tsakinsa daga ɗaki, wai shayin ya yi sanyi. Zauna ki sha ruwa.

To yanzu ina gaishe ki, da fatan kin daina shayar da haƙoran mutane. Gwiwata tana nan da halinta. Iska ta kwashe rufin ɗakin kajin Seonag ta kai shi teku, kajin kuma sun koma kwana a ɗakin girkinta, ta ce sun fi mijinta marigayi tsafta.

Takardarki sai jiya ta iso tare da buhunan gari. Da na karanta sai da na dafa tebur. Laifina ne, 'yar nan, gaggawa ce ta ja, ki yafe mini. Na shiga na karanta wa Babanki wurin hular. Ya ce, "Wace iri ce? Mai gashin tsuntsu?" Sai na ji wani abu ya fito daga ƙirjinsa, na zaci tari ne, ashe dariya ce. Ita ce ta farko tun dawowarsa, don haka kuɗin hularki bai tafi a banza ba.

Kin bar mu kina ƙarama, kin manta camfin gidan su Tormod. A wurinsu, ɗan magini na farko da mutum ya gani a shekara shi ke yanke masa hukunci. In ka gan shi a kan ciyawa, da abinci a cikinka, shekarar taka ce. In ka gan shi a kan tsuran dutse, cikinka babu komai, to ka fara sallama da mutane. Tormod ya ce haka ta faru da mahaifinsa. Na ce masa mahaifinka ya haura casa'in, ko a kan katifa ya ga tsuntsun ai lokaci ya yi. Kuma tsuntsun da Allah ya halitta don tsayuwa a kan dutse, har sunansa daga dutse ya samo, a ina kake so ya tsaya? Ya ce ni 'yar kudancin tsibiri ce, ba mu san komai ba. Dattijon coci guda, wanda ke ɗaga murya a zabura ranar Lahadi. Fasto ma ya taɓa yin wa'azi a kan wannan camfin, Tormod ya ce ai Fasto baƙo ne.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san in mutumin nan ya ɗaga kai da safe, bai ci komai ba, ya hango tsuntsun a kan katangar dutsen da ke fuskantar tagarsa, shi ke nan, ba likitan da zai tashe shi. Gardama ba za ta fid da ni ba. Sai na ce to, tunda ba zan iya canza kan Tormod ba, bari in canza katangar.

Abin da nake yi da ciyawar ke nan. Ina yanko ta falle-falle da ƙasarta, in turo a baro, in shimfiɗa a saman katangar, yadda duk inda ɗan banzan ya sauka a kan kore zai sauka. Labule kuwa na sauke ne don kada Tormod ya gan shi ba shiri. Na ce masa haske yana hana ɗinki warkewa, kuma na ce ke kika faɗa, don haka in ya tambaye ki kin san amsa. Ina kuma tura masa gurasa ƙarƙashin matashi, irin yadda tsofaffi ke yi, na sa ya yi rantsuwa zai gatsa kafin ya buɗe ido sosai. Ranar da na ga tsuntsun a kan ciyawa, Tormod kuma ya ƙoshi, zan ɗaga labule in ce kai, dubi abin mamaki.

Ba ke kaɗai labulen ya ruɗa ba. Washegarin da na sauke su, sai ga tsoho Lachlann daga ƙarshen ƙauye cikin kwat ɗinsa ta jana'iza, hula a hannu, kwalbar giya a aljihu. Ina can maƙabarta, ƙofa a buɗe. Ya shiga a hankali ya tsaya a bakin gado ya sunkuyar da kai, ya fara cewa, "Allah ya ji ƙanka, Tormod, mutumin kirki ne kai, duk da ragar kifina da ka ara ba ka mayar ba."

Gawa ta juyo ta ce, "Ragar da ta zo mini a yage?"

Seonag ta ce tun yana saurayi ba ta ga Lachlann ya yi gudu irin na ranar ba. Kwalbar dai ya bar ta, kuma ba mu mayar ba.

Katangar ta fi yadda nake zato tsawo, amma na ci fiye da rabi. Tsuntsun bai iso ba, iskar arewa ce ta tsare shi. Ban taɓa gode wa iskar arewa ba sai bana.

Innarki,
Marsaili

*

Glasgow, 2 ga Afrilu

Inna Marsaili,

Gaisuwa da fatan alheri, ke da Baba da Seonag da kajinta. Ni yanzu lafiya ta samu. A ɗakin ajiye zannuwan gado na karanta takardarki. Layin farko na zauna a kan kwandon wanki na yi kuka, kafin in kai wurin Lachlann ina dariya har shugabarmu ta leƙo ta ga ko lafiya. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san girmansa ba sai da ya tafi.

Amma ba za ki tsira daga faɗa ba. Kin yi ƙarya da sunana, kuma ƙaryar ma a juye: mai ciwon zuciya haske yake so da iska da tafiya. Na yafe, don na san Baba, kuma ba ni da dabarar da ta fi taki.

Akwai wani likita a ɓangarenmu da ke yawon kallon tsuntsaye ranar hutu. Na tambaye shi clacharan. Ya ce daga Afirka yake tasowa, can bayan hamada, ya ƙetare rairayi ya ƙetare teku, alhali nauyinsa bai fi na wasiƙar nan da ambulan ɗinta ba. Na ce a raina, wanda ya sha wannan tafiyar duk inda ya samu ai sauka zai yi, bai taso don Baba ba. Kada ki faɗa masa na faɗa.

Abin da ke damuna yanzu ke ce. Mace mai shekarunki, da wannan gwiwar, tana tura baro cike da ƙasa. Kin rubuta mini gurasarsa da kununsa da shayinsa, ban ga inda kika ce ke kin ci ba. Kina ci kuwa?

Mai kanti ya ƙi karɓar hular. Ba ta da gashin tsuntsu, ki faɗa wa Baba.

'Yarki,
Raonaid

*

Tsibiri, 9 ga Afrilu

'Yata Raonaid,

Ina gaishe ki da kyau. Muna lafiya, mu biyun, kuma wannan karon ba lulluɓi a maganar. Gwiwa ta yi sauƙi. An gyara layin waya, amma labarin nan ya fi ƙarfin tsayuwa a gidan waya kowa na kasa kunne.

Tambayarki ta ƙarshe kamar kina gani. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ranar Juma'a iska ta juya kudu. Na farka na ji garin ya yi laushi, ƙasa tana ƙamshi, dinyoyin sun tashi sun bar fadama shiru. Na san yau ko gobe ne. Katangar duk na rufe ta, saura babban dutsen da ke kan ginshiƙin ƙofar shinge, wanda ya fi ƙarfin hannuna nake ta ɗaga masa ƙafa. Na dama wa Tormod kunu na ajiye a gefen murhu, na ce bari in yi maza in gama da dutsen nan kafin ya farka. Na fita da baro.

Na sunkuya zan ɗauki fallen ciyawa sai na ji ƙara a saman kaina, tak, tak, kamar ana buga tsakuwa biyu. Na ɗago. Ga shi nan. Duk tsawon katangar nan kore shar, wadda na karya bayana a kanta, bai ga wurin sauka ba sai wannan dutsen guda. Ya juya mini baya yana kaɗa wutsiya. Ni kuwa tun shayin jiya ban sa komai a bakina ba.

Raonaid, ni ce mai yi wa camfin nan dariya tun ina amarya. Amma sai ga ni na zauna daɓas a cikin baro, kan ciyawar. Ba mutuwar ce ta tsorata ni ba. Abin da ya zo mini shi ne, in na tafi wa zai sa wa wannan mutumin gurasa ƙarƙashin matashi.

Sai na ji ƙofar gida ta bugu. Na waiga na ga Tormod, cikin rigar barci da safa, bargo a kafaɗa, yana taka jiƙaƙƙiyar ciyawa ya nufo ni, gurasa a hannu. Mutumin da tun dawowarsa bai wuce bakin gado ba. Ashe kukan ƙafar baron ya daɗe da tona ni, kullum yana leƙena ta gefen labule.

Yana isowa ya cusa mini gurasar a baki. Sannan ya ce, "Kin ci wani abu kafin ki fito?"

Na ce da cikakken baki, "Ban ci ba."

"Kunun da kika dama fa? Ba ki ɗanɗana gishirinsa ba?"

"Na lashi cokali."

"To kin ci."

Na ce, "Tormod, lasar cokali ce."

Ya ce, "Ke 'yar kudu, ke za ki koya mini? Abin da ya wuce maƙogwaro ci ne."

Na ce to dutsen fa, ai a kan tsuransa na gan shi. Ya ɗaure fuska, ya dafa kafaɗata ya yi ɗage, ya kai hancinsa har jikin dutsen yana bincike kamar mai neman allura. Can ya sa yatsa a kan wata 'yar gansakuka da ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ya ce, "Nan ya tsaya. Na gani ta taga. Gansakuka kuwa ciyawa ce."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun kakannina."

Muna cikin haka ɗan maginin, wanda ya tashi da fitowar Tormod, ya dawo ya sauka a tsakiyar katanga, a kan ciyawata, ya fuskance mu ya ɗaga ƙirji. Na kalli Tormod na ga ɓurɓushin gurasa a gemunsa, ashe ya cika alkawari ya gatsa kafin ya taso. Na ce, "To, kai ma ka ga naka." Ko kallon tsuntsun bai yi da kyau ba. Katangar yake bi da ido, daga ƙofar shinge har inda ta gangara bakin rafi. Ta gefen labule guntunta kawai yake gani, bai san tsawon aikin ba. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "A karkace kika jera su." Ya juya yana goge ido da gefen bargo, wai iska ce.

Ya ce sai ya tura ni gida a cikin baron. Na ce ɗinkinsa, ya bari. Muka rabu a kan ya tura baron babu kowa a ciki, ni kuma in riƙe hannunsa, ban san wa ke tallafe da wa ba. Seonag tana bakin ƙofarta da kaza a hammata tana kallonmu, ta ce, "Yau kuma matattu ne ke tura baro?"

Tun ranar ya riga ni tashi. Shi ke dama kunu, yana ƙona shi, ya tsaya a kaina sai na cinye. Ba ni da izinin leƙa ko taga sai na haɗiye wani abu. Jiya na ɗaga matashina na tarar da gurasa. Na san har yanzu bai gama yarda da hukuncin gansakukar da ya yanke ba, shi ya sa yake tsare da ni. Ni kuwa na bar shi, in tsaron nawa ne zai riƙa tashe shi da safe, ya yi ta tsaro har shekara ta zagayo. Labulaye duk na ɗage su, Lachlann ya wuce ya gani ya aiko a ba shi kwalbarsa.

Hankalina ya kwanta, 'yar nan, kwanciyar da na manta irinta. Ga shi nan yana karɓe alƙalamin, wai yana da magana.

Innarki,
Marsaili

Raonaid, Babanki ne. Na gode. Madubin da na ce a ajiye miki na karɓe abina, sai ki ƙara haƙuri, tsuntsaye masu nutso sun dawo bayan tsibiri kuma ina da aiki da shi. Ki aiko da hular, mutum-mutumin gona yana bukata. Duk abin da Innarki ta rubuta a kan kunu ƙarya ne. In kin rubuto ki ja mata kunne ta riƙa ci kafin ta fita, ta fi jin maganarki. Ki nemi hutu da kaka ki zo haƙar dankali. Na baki biyu muka shuka, da ɗan ƙari saboda ke.

Tormod